Tsummokaran Bayan Ƙofa

Mamana,

Na fita gareji, ban tashe ki ba.

Tsummokaran da kika shanya a bayan ƙofa, ni na kwashe jiya na goge baƙin mai. Na ɗauka na yarwa ne. Sannan na yi miki faɗa a gaban ƙannenki don kin ƙi zuwa makaranta. Gwaggonki ce ta gaya mini na al'adarki ne. Ta ce, "Duk karance-karancen nan naka, Yaya?"

Na rasa gane laifina. Rashin sani ne, ko kuwa na zama uban da ba a iya gaya wa?

Na sa audugar mata a jakarki, ki je makaranta yau. Ki yafe mini.

Babanki