Layi Ɗaya Ne, Kawu

Tafo, Kumasi

Zuwa ga 'yata Dokta Ruwaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya Ankara, ya aiki? Kin san kawunki da waya ba ma shiri, shi ya sa na ba direban motar Ankara wannan takarda a tashar Race Course.

Kwamitin masallaci ya amince ke da abokanki likitoci ku kafa rumfa a filin makarantar Islamiyya ran Asabar, ku duba idon yara da manya kyauta. An faɗa a lasifika. Sai dai Brimah mai shagon magani, wanda unguwa ke kira Dokta, ya bi mata yana cewa tabarau na kashe idon yaro, kuma masu aikin kyauta koyon hannu suke yi a jikin talaka.

Ga abin mamaki. Shi kansa yanar ido ta rufe masa ido biyu, da lalube yake gane kwalabe. Ya zo min a ɓoye yana roƙon ki duba shi a ɗakina, kada kowa ya gani. Na san abin da ke tsakaninku, amma tsoho ne.

Ki huta lafiya.
Kawunki, Abass

Ankara

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da Inna Zaratu.

Na karanta takardarka na yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Brimah ke neman sutura? Lokacin da ƙafar Mma, uwata, ta ruɓe da ciwon suga, wa ya ce mata asibiti yanke ƙafa kawai suka iya? Wa ya yi ta ɗirka mata allura a bayan kanta har ta daina gane ni? Ƙanwarka ce Hamamatu, Kawu, kai ka sa ta a rami. Ran addu'ar bakwai yana kan tabarmar gaba yana cin waina, ana ce masa Dokta sannu da ƙoƙari. Ni ce na zuba masa ruwan wanke hannu. Saboda wannan ruwan na yi karatun likita.

Ba zan hana shi magani ba, na yi rantsuwa. Amma ba ni da ƙofar baya. Layi ɗaya ne. Ya zo ya zauna a benci cikin matan da ya tsorata, a kira sunansa kamar na kowa. In ya ƙi, ya ɗiga wa kansa abin da yake sayarwa.

'Yarka, Ruwaida

Tafo, Kumasi

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa. Kun koma a gaggauce ba mu zauna ba, ga abin da ba ki gani ba kina ciki.

Da na kai masa saƙonki ya ce gara ya mutu makaho. To, ranar Juma'a ya taka cikin kwata a bakin masallaci, sai da makanikai biyu daga unguwar Magazine suka ciro shi. Asabar da hantsi sai ga shi, ya ja hula har gira, ya zauna ƙarshen benci. Ya ɗauka tunda shi ba ya ganin mutane, su ma ba sa ganinsa.

Mamunatu mai koko ce kusa da shi, wadda ya hana ta kawo jikokinta. Ta leƙa fuskarsa ta ce, "Ei, Dokta! Kai ma ka kawo ido a koyi hannu?"

Ya ce, "Rakiya na yi."

Ta ce, "Rakiyan wa? Ban ga kowa ba kuraa, ko mutum ɗaya."

Sai mai kira ta ɗaga lasifika ta ce, "Brimah Seini!" Haka, ba Dokta. Ya miƙe yana lalube, Mamunatu ce ta riƙe masa hannu ta kai shi bakin rumfa. Kafin azahar mata sun koma gida sun kwaso yaran da suka ɓoye. Jikar Mamunatu da malamai ke duka kan daƙiƙanci, ashe allo ne ba ta gani. Yanzu tana da tabarau.

Idon da kika yi masa aiki a asibiti ya buɗe tar. Ya ce da aka cire auduga Hamamatu ya gani tsaye a kansa, don kamarku ɗaya da ita. Shagonsa kuwa tun ranar ko mai ciwon kai bai leƙa ba.

Kun ce ido ɗaya ake yi a lokaci guda, na biyun sai kun dawo. Ya sake roƙona, wai wannan karon dai a duba shi a ɗakina. Ya sha kunya, 'yata. Bai isa ba?

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki, Abass

Ankara

Kawu,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin labarin jikar Mamunatu, a ce ta zauna gaban aji.

Na yi wa idon Brimah aiki kamar na ubana, kuma haka zan yi wa na biyun. Amma bai isa ba. Mma ma ƙafa biyu gare ta.

Muna zuwa bayan Sallah. A ajiye masa wuri a benci.

'Yarka, Ruwaida