Na Yaye Baƙin Ƙyalle Daga Kan Talabijin

Gabrovo, Bulgeriya

Zuwa ga Yayata Rayna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki, da maigidanki Yaya Anastas, da yara da jikoki baki ɗaya. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya kuma sassauta miki ciwon gwiwar nan da sanyin Shikago ke tayar miki. Mu nan lafiya, gwargwadon lafiyar gidan da aka yi rashi. Ɗana Lyuben ya koma Sofiya bakin aikinsa, matarsa ta yi nauyi sosai, muna ta addu'a Allah ya raba lafiya. Na gode da furannin da kika sa aka kai kabarin mijina Kostadin, sun yi kyau.

Na zaɓi in rubuto miki ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Shekaranjiya kin yi ta faɗa har kunnena ya yi zafi, wai Zlatka yayar Kostadin ta kira ki tana kuka, wai na zubar da mutuncin ƙaninta, mijina bai cika arba'in a ƙasa ba ana jiyo shewa daga tagata. Kika ce in je in ba ta haƙuri. To Yaya, ba zan je ba. Amma tunda kin ji nata, ki gyara zama ki ji nawa.

Kin san zaman da muke yi na Alhamis, ko da yake yana sabo kika bar ƙasar. Gida huɗu ne: namu, da na Velichka da mijinta Nedyalko, da na Spas mai gyaran agogo, da na Donka malamar makaranta. Tun zamanin kaset muke yi, tun gashinmu yana baƙi. Duk Alhamis da yamma a haɗu a gida ɗaya, mai gida ya zaɓi fim ya ciyar da mutane, mako mai zuwa a matsa gida na gaba. Doka ɗaya ce tak: ba a tsallake gidan kowa. Da Nedyalko ya karye a ƙafa, a bakin gadonsa muka yi kallo. Da famfo ya fashe a gidan Donka, ƙafafunmu a naɗe kan kujeru muka yi. Kostadin shi ne ɗan sandan dokar, kuma shi ne annobar zaman, don bai taɓa kallon fim baki a rufe ba. Ya ba jarumi shawara, ya zagi mugu, ya faɗi abin da zai faru, Spas yana ta ce masa ya rufa wa mutane baki tunda ba shi ya haifi jarumin ba.

Da ya rasu na yi duk abin da ake yi. Na sa baƙaƙen kaya, na rufe madubai, an manna takardar rasuwa da hotonsa a ƙofa, Zlatka da hannunta ta lulluɓe talabijin da baƙin ƙyalle. Ta tuna mini abin da Mama take faɗa mana, cewa ran mamaci ba ya barin gidansa sai ya cika arba'in, yana nan yana zagaya ɗakuna. Ban yi musu ba, don ni ma na yarda da haka.

Da farko kowa ya dakata. Sai na ji a bakin Donka cewa za a ci gaba, kuma kowa ya san layi a kaina ya tsaya. Ranar Alhamis ɗin na tashi na gasa banitsa, burodin nan namu mai cuku, na jera kujeru. Yamma ta yi, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na ɗauki mayafina na nufi gidan Velichka, sai ga su nan duka, sun ja labule sun rage murya kamar ɓarayi. Sun tsallake ni, Yaya. Velichka ta hau rantse-rantse wai don girmama ni suka yi, Donka ta ce al'ada ce ba su suka ƙirƙiro ta ba, Spas kuwa ya kafa wa takalminsa ido. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce musu mutum ɗaya aka binne daga gidana, ba biyu ba. Na ce Alhamis mai zuwa a gidana ne, wanda ya ga dama ya zo.

Bakin Velichka kin san shi, kafin gari ya waye magana ta isa wurin Zlatka. Ta zo ta tsaya a tsakiyar falona ko jakarta ba ta ajiye ba, ta ce in har na taɓa ƙyallen nan kafin arba'in, ta bar taka gidana ke nan, kuma ranar arba'in ɗin za ta dafa tata alkamar sadakar mamaci daban ta tsaya a ɗaya gefen kabarin. Ba ƙaramar magana ba ce, ita ta raini Kostadin, kuma ina ƙaunarta duk da halinta. Na kwana biyu ina juya abin a raina, ina zaune ni kaɗai gaban wannan baƙin ƙyalle, gida tsit. A nan ne na tambayi kaina: in da gaske yana cikin gidan nan, to me muka yi masa? Mutumin da ba ya iya shiru ko a coci, mun zaunar da shi a ɗaki ba murya, ba abokai, ranakun da suka rage masa suna ƙarewa, ana kallo a gidan wani babu shi. Na je na faɗa wa Zlatka haka. Ta ce saɓo nake yi, ta rufe ƙofarta.

Ranar Alhamis na yaye ƙyallen. Na bar kujerarsa a inda take. Na ji tsoro sosai kada kowa ya ƙi zuwa. Spas ne ya fara isowa, sanye da kwat ɗin da ya je jana'iza da ita, wai ya zo ne kawai ya ga ko na ƙona banitsa kamar kullum. Sai Donka, sai Velichka tana jan Nedyalko. Na sa wani tsohon fim na barkwanci da Kostadin ke so. Aka fara, kowa ya yi gum, ba mai ko tari, har na fara tunanin Zlatka ce mai gaskiya. Sai aka zo inda jarumin zai buɗe ƙofar da bai kamata ba. Kawai Spas, wanda ya tsufa yana hana mijina magana, ya miƙe ya daka wa jarumin tsawa, ya kira shi wawa ɗan wawa, wai bai ga tarko ba ne. Yaya, dariya ta ƙwace mana. Donka tana dariya tana share hawaye, ni kuwa ban san wanne nake yi ba a ciki. Shewar da aka kai wa Zlatka labari ke nan.

Da za su tafi Nedyalko ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa, ya ce mako mai zuwa layinsa ne, amma tunda Kostadin ba zai iya zuwa gidansa ba, su za su sake zuwa nan. Ya ce in ɗan sandan yana da ƙorafi a kan karya doka, ya fito ya faɗa.

Zlatka ba ta yi mini magana ba har yau, kuma abin yana ci mini rai. Zan dafa alkama, zan je kabari, zan sa baƙaƙen kayana har shekara ta zagayo, in ta tsaya a ɗaya gefen zan miƙa mata hannu. Amma haƙuri kan wannan, ba zan bayar ba, ko ke kika zo da kanki.

Ki gaida mini Yaya Anastas, da Boryana da mijinta, da Todorka, ki sumbaci ƙaramin Asen a madadina. In kina da sauran faɗa, ki adana shi sai bayan arba'in, yanzu ba ni da lokacinsa. Alhamis ɗaya ta rage wa mijina a gidan nan, kuma ba zai yi ta shi kaɗai ba.

Ƙanwarki mai taurin kai, wadda ke kewarki,
Tsvetana