Gajeren Wando a Gaban Surukata

Gwaggo Mairo, don Allah ki agaza mani da shawara kafin Talata mai zuwa, in ba haka ba mutuncin da na daɗe ina tarawa a gidan surukaina zai zube a filin makarantar firamare.

Ni ma'aikacin gidan tarihi ne a nan Katsina. Muna da shirin zagaya makarantu da kayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya kai kakanninmu har ƙasar Bama. Mukan kai kwalkwali da gorar ruwa ta ƙarfe da bargon soja da lambobin yabo, yara su taɓa, su ɗaga, su ji nauyinsu. Da farko bayani kawai nake yi, cikin babbar rigata, ina ji da kaina. Wallahi Gwaggo, ban san muryata maganin barci ce ba sai lokacin. Har malaman ajin gyangyaɗi suke yi.

Sai shugabanmu, Malam Mustapha, ya kawo dabarar a ɗinka irin kakin sojan wancan zamani, wani ya riƙa sawa. Wani tela a Babbar Kasuwa ya ɗinka, aka gwada wa kowa a ofis, bai zauna ma kowa ba sai ni mai rabon shan kunya. Taguwa ce da jar dara da wando wanda ya tsaya a saman gwiwa, kamar yadin ne ya ƙare. Ni kuwa Allah ya ba ni tumbi ya hana ni ƙwauri. In na ƙame, sai ki ce tulu aka ɗora a kan kara biyu.

Abin haushin, shirin ya karɓu. Da na shigo ina maci sai yara su yi ta dariya har da faɗuwa, amma da ta lafa sai tambayoyi: me sojojin ke ci, yaya suke salla a daji, wa ke gaya wa uwar mutum in ya mutu. Wata yarinya a unguwar Gobarau ta rungume gorar nan ta ƙi saki, wai kakan babanta bai dawo ba. Ranar na ji daɗin aikina, ba zan ɓoye maki ba.

To, makarantar da za mu je ranar Talata, shugabarta surukata ce, mahaifiyar matata Ramla. Matar da ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba, ko sunanta ba zan iya rubuta maki ba. In na je gaisuwa, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, in ja riga in rufe har yatsun ƙafa. Ita ce yanzu zan buga wa ƙafa in sara mata, gwiwoyina a waje.

Na roƙi Malam Mustapha a tsallake makarantar. Ya ce ai Hajiya da kanta ta zo ofis, ranar da ba na nan, ta nemi a je, ta kuma jaddada a zo da sojan. Baiwar Allah, ba ta san wane ne sojan ba. Da na gaya wa Ramla sai ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗauko mani labarin wai mahaifin Hajiya ma sojan Bama ne, ya rasu tana rarrafe, ko hotonshi ba su da shi. Ni ina ta kaina, ita tana ba ni tarihi, kamar shi na rasa.

Na yi tunanin ciwon ƙarya, amma ba wanda wandon zai shiga, kuma an riga an yi wa yaran alkawari. Na yi tunanin tabarau da gashin bakin aro, Ramla ta ce ƙwaurina ba su da na biyu a garin nan. Gwaggo, tsoro nake ji da gaske. In je ko in gudu?

Sojan Aro, Katsina

AMSA

Ɗana Sojan Aro, na yi dariya, amma ban raina damuwarka ba. Kunyar suruka tarbiyya ce, kada aiki ya sa ka yar da ita. Yaran nan su ma suna da hakki a kanka, kuma ciwon ƙarya ba naka ba ne.

Fara da mai sauƙin. Mayar wa tela wandon ya ƙara masa tsawo ya rufe gwiwa, ka haɗa da doguwar safa. Addini ma haka ya fi so, kuma ba yaron da zai rasa tarihi saboda ɗan ƙarin yadi.

Sai babban. Kana zaton Hajiya ba ta sani ba? A garin da kowace malama ke da waya, kuma duk a gidan biki ɗaya ake haɗuwa? Ina kyautata zaton ta daɗe da ganin ƙwaurin nan. Ta zaɓi ranar da ba ka nan ne don ita ma kunyarka take ji. Ka ce kai ma'aikacin tarihi ne, ga shi matarka ta miƙo maka shi har cikin ɗaki ka ture. Matar da ba ta taɓa ganin ko hoton mahaifinta ba ta taka har ofis ta ce a zo da sojan. Ba dariya ta je nema ba.

Ka aiki Ramla ta gaya mata za ka zo, don kada ɗayanku ya yi wa ɗaya ba-zata. Ta kuma nemo maka izinin ambaton sunan marigayin a gaban ɗalibai, a yi masa addu'a. In an gama, ka durƙusa yadda ka saba, ka miƙa mata gorar nan da hannu biyu, kada ka yi gaggawar karɓa.

In ka ji ta tsura maka ido, ka sunkuyar da kai, ka tsaya cak har ta gama. Ba kai take kallo ba.

Allah ya jiƙan tsohon soja, ya sanyaya zuciyar ɗiyarsa, kai kuma ya ba ka ƙwarin ƙafa ranar Talata.

Gwaggo Mairo