An ɓoye sunana a binciken, amma duk unguwa ta gane ni

Salamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Na fara jin akwai matsala ne ranar da Mama ta aika wa maƙwabciyarmu dambu, kwanon ya dawo a rufe ba a taɓa ba. Tun ina goye muke musayar kwano da gidansu, ba a taɓa yin haka ba. Na duba guruf ɗin matan unguwa a waya, sai na tarar an cire ni.

Mu Kiristoci ne. Kakana ya zo Kazaure aikin hanya lokacin da kuɗin mai ya shigo, ya zauna, a nan aka haifi Babana, a nan aka haife ni, na gama sakandare nake ɗinki. Kwanaki wata malamar jami'a ta zo bincike kan yadda ake zama tare, wa ake sawa a harkokin unguwa, wa ake bari, a fili da kuma a waya. Ta ce ba za ta ambaci sunan kowa ba. Ni kuma na saki baki. Na ce in biki ne ana kiranmu anko da girki, amma da za a yi maganar gyaran famfo sai aka buɗe wani guruf daban ba mu a ciki, kuma har gobe wasu suna ce mana baƙi. Wallahi iyakar abin da na ce ke nan, na ma yabi maƙwabta, na ce da Babana ya kwanta asibiti su suka riƙe mu.

Da ta dawo ta tara mata don ta faɗa musu abin da ta gano, ba ta faɗi suna ba, sai ta ce wata budurwa mai ɗinki wadda kakanta ya zo aikin hanya. To mu nawa ne a unguwar? Kafin maganar ta kai kasuwa ta zama wai na zagi mutanen gari. Wata mai kawo min ɗinki daga Roni ta kira tana tambaya wai da gaske ne. Samari suka tsaya a ƙofar shagon Baba, ba su yi komai ba, tsayuwa kawai, sai da ya rufe. Mama kuka take tana cewa na rusa abin da suka yi shekaru suna ginawa. Na kira malamar ta yi ta ba ni haƙuri, amma ita ta koma garinsu.

Jiya bayan la'asar Hajiya shugabar guruf ɗin matan unguwa ta aiko na je. Ta ce 'yata kwantar da hankalinki, mai unguwa ya yi wa samarin magana, ba mai taɓa ku. Sai dai tana so in tura murya a guruf in ce malamar ce ta ƙara min magana, sannan a mayar da ni.

Malamar ba ta ƙara komai ba. In na yi mata ƙarya Baba zai buɗe shago gobe, in na ƙi ban san ina za mu ba, ba mu da wani gari sai nan. Iyayena da yayyena, in tura muryar?