Ba a Gaisawa da Hasumiya

Yaya,

Ya gida, ya jikin Inna, ya yara da mai gidan naki? Na jero gaisuwar ne don a wurin aiki an hana ni ita.

Ni lafiya lau, sai dai na kasa zama wuri ɗaya. An ɗauke ni daga lodin kaya, ana koya mini tuƙa motar da ke duba titin saukar jirage. Dole in riƙa magana ta rediyo da hasumiyar da ke ba jirage umarni, inda ba a kiran kowa da sunan yanka. Jirgi sunan kamfaninsa da lamba, ni kuwa Mota Bakwai. Ka kira hasumiya, ka faɗi sunanka, sannan buƙatarka. In an ba ka umarni ka maimaita, ka rufe da sunanka.

Duk na rubuta a littafina, amma ran Litinin da na kira hasumiya na ji muryar dattijo ce, sai bakina ya ce, "Barka da aiki, ranka ya daɗe." Ya ce, "Wa ke magana?" Ga matuƙin jirgi yana jiran in sakar masa layin rediyon. Mai koya mini ya ce, "In ka gama, ka tambaye shi iyali."

Alhamis za a gwada ni. In na kuma, lodi zan koma, bayana kuwa ba ya ɗaukar nauyi kamar da. Wannan kada Inna ta ji. Ki dai ce mata in na bugo waya na shiga magana ba gaisuwa, ba lalacewa na yi ba, bita nake. Ta sa mini albarka.

Ƙaninki