Maigidan da Ba a Ganin Fuskarsa

Daren Laraba, Miga.

Rabona da fargaba irin ta yau tun shekarar da ruwa ya shafe mana fadama. Jikana Nasiru ya zo neman albarkata, wai zai tafi Dutse koyon bulokcen. Ya ce rubutu ne a kwamfuta wanda ba mai iya gogewa, kuma ana cin abinci da shi.

Na ce, "To, waye maigidan naka?"

Ya ce, "Kaka, malaman a cikin kwamfutar suke, wasu ma a wata ƙasa."

Na ce, "In ka lalace, wuyan wa zan kama?"

Ya yi dariya. "Tsoho, kai da rigima."

Ni da za a kai ni koyon dukanci, sai da babana ya kai goro, ya damƙa hannuna a hannun mutum. Ban sa wa Nasiru albarkar ba. Na ga idonsa ya kaɗa, ni ma tuwo ya ƙi shiga. In na hana shi, me na tanadar masa?

Gobe bayan asuba zan sayi goro mu hau mota tare. Ko mai gadin wurin karatun ne, sai na damƙa shi a hannun wani.