Kuskurenka a Aikin Wata

Ya hasken idona, sanyin safiyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take!

Wallahi ina sonka, son da ya hana ni cin abinci tun jiya. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, kuma kai ne sanadi.

Ka tuna ranar da manhajarmu mai juya lissafin aljabara zuwa SQL, yaren yi wa kwamfuta tambaya, ta ƙi gane tiriga, ɗan umarnin nan da ke tashi da kansa idan an taɓa layi a rumbun bayanai? Ta ɗauka kalmomin tirigar, OLD da NEW, wato tsoho da sabo, sunayen teburan bayanai ne, ta yi ta nemansu kamar allura cikin rairayi. Muna zaune kusa da taga, tsohuwar fankar nan tana ƙara, shayinka ya huce. Da muka koya mata cewa layi ɗaya ne, kafin canji da bayansa, ta yi aiki, sai ka kama bakin mayafina ka ce dabarar nan tamu ce mu biyu, kamar gidan da za mu gina. Ni kuwa sarkin yarda, na yarda!

To jiya shugaban sashe ya ba ni aikin sabuwar ma'aikaciyar nan mai turare in duba. Me zan gani? Dabararmu, tsaf! Na ce ƙila ita ma kanta yana ja. Sai na isa wurin goge layi, na tarar an kira NEW. Haba masoyi! Layin da aka goge, ina ya ga sabo? A ofishin nan kaf mutum ɗaya ne ke wannan mantuwa, kuma ni ce nake bin bayansa ina gyarawa ba wanda ya sani. Yaushe ka zauna a kujerarta? Hannunka kaɗai ya je, ko har da zuciyar aka tafi? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kawu ya tambayi ranar da magabatanka za su zo, na ce masa Asabar. Ba zan bari dattijo ya shimfiɗa tabarma a kan shakka ba. Idan taimako ne kawai, me ya sa ka ɓoye mini? Ina roƙonka, tauraron zuciyata, ka zo ka dube ni ido cikin ido kafin ranar, in ba haka ba zan ce wa Kawu ya naɗe tabarmarsa.

Kuskuren yana nan, ban taɓa shi ba. Wannan karon ita ta gyara maka, in har ta san ka da kyau za ta gan shi.

Wadda ba ta taɓa kallon wani ba, ba kuma za ta kalla ba,
Mai duba aikinka